Gada Ta Karye: Shin Ta Cancanci Shafinta a Kundin Sani?

Waɗanda suka shirya taron nan sun ɗora mini tambaya guda ɗaya: idan gadar babbar hanya ta karye, shin wannan karyewa ta isa a buɗe mata shafi nata na kanta a kundin sani irin Wikipedia, ko kuwa a bar ta ga jaridu da gidajen rediyo? Na karɓi tambayar hannu bibbiyu domin ta taɓa hana ni barci, kuma daga wannan labarin zan fara.

Wata damina, cikin watan Agusta, gadar da ke haɗa garinmu da babban titi ta rufta da daddare. Ruwa ne ya yi ta cin gindin ginshiƙinta shekara da shekaru, kowa na gani, har ranar da ƙasa ta gaza. Da gari ya waye na je bakin rafin. Kwalta ta yanke kamar an sa wuƙa, rodi ya fito tsirara yana lilo, ruwa ja wur yana wucewa ta ƙasa. A tsallaken can ga tireloli sun yi jerin gwano har inda ido ya tsaya. Na ga wani direba ya kwance tamfol yana duba kwandunan tumatir, yana ɗaga ɗaya yana sunsunawa yana mayarwa, bai ce wa kowa uffan ba. Kafin azahar masu kwale-kwale sun iso, an yanka kuɗin fito, samari suna ɗaukar babura a ka suna sakawa a jirgi. Wata tsohuwa da za ta kai jikarta asibiti ta tsaya tana tambayar ko akwai wata hanya, aka ce mata akwai, amma sai an yi zagayen da ya ninka tafiyar sau uku. Ba wanda ya mutu a daren. Allah ya kiyaye, babu mota a kai lokacin da ta tafi.

A daren ranar na zauna na rubuta muƙala a kan abin. Na sa hoton da na ɗauka, na sa rahoton jarida ɗaya da na samu. Bayan kwana biyu sai ga wani edita, wanda ban taɓa gani ba, ya liƙa mata alamar neman a goge. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wane ne wannan da zai zauna can nesa ya ce abin da ya tsayar da rayuwar dubban mutane bai isa a rubuta ba? Amma tambayar da ya ajiye mini a shafin tattaunawa ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi, in an shekara biyar, me mai karatu zai samu a shafin nan wanda ba ya cikin labarin ranar farko? Na yi ta juya ta ban sami amsa ba. Kusan duk abin da zan faɗa yau daga neman amsar nan ya fito.

Bari mu fara da bambancin aikin jarida da na kundin sani, tunda ɗaliban aikin jarida ne suka fi yawa a ɗakin nan. Ɗan jarida aikinsa ya ce ga abin da ya faru jiya. Kundin sani yana zuwa daga baya ya tattara abin da aka tabbatar, ya ce ga yadda abin yake, ga dalilinsa, ga abin da ya haifar. Wikipedia, wadda aka buɗe a watan Janairun 2001, ba ta da iyakar takarda irin ta littattafan da ake bugawa, don haka ba ƙarancin wuri ne ya sa ake goge shafi ba. Abin da ake nema shi ne madogara: rubuce-rubuce masu zurfi daga kafofin da aka amince da su, waɗanda ba su da hannu a cikin lamarin. Ga abin da ya faru rana ɗaya kuma, kamar haɗari ko gobara, ana ƙara tambayar ko ya bar tasiri mai ɗorewa, ko labarinsa ya wuce unguwar da ya faru, ko an ci gaba da rubutu a kansa bayan ƙura ta lafa. A sashen Turanci, in an kai shafi gaban muhawarar gogewa, ana ba da kwana bakwai kowa ya kawo hujjarsa, sannan wani ya zo ya auna. Ba yawan hannuwa ake ƙirgawa ba, nauyin hujja ake dubawa. Mutum ashirin su ce a bari domin abin ya taɓa su, mutum uku su nuna babu madogara, ana iya bin ukun nan.

Akwai gadojin da ba su buƙatar gardama. A ranar 15 ga Disamban 1967 Gadar Silver, wadda ke ratsa Kogin Ohayo tsakanin jihohin Ohayo da Bajiniya ta Yamma a Amurka, ta zube cikin ruwa da yamma, ana tsaka da cunkoso, mutum 46 suka rasu. An gina ta a 1928, kuma abin da ke riƙe da ita sarƙa ce ta dogayen ƙarafa masu ido a kowane baki. Masu bincike suka tsamo ƙarafan daga kogi suka gano cewa wata tsaga ce 'yar ƙarama, wadda ba ta wuce milimita uku ba, a cikin idon ƙarfe guda ɗaya. Da wannan ƙarfen ya ɓalle babu wani da zai karɓi nauyinsa, sai gaba ɗaya ta bi. Daga wannan musiba ce Amurka ta kafa dokar duba gadoji a kai a kai a faɗin ƙasar. Wanda duk zai rubuta tarihin kula da gadoji a can dole ya bi ta kan wannan rana.

Haka ta Miniyapolis, a jihar Minesota. Ranar 1 ga Agustan 2007, da misalin ƙarfe shida na yamma, gadar babbar hanyar I-35W ta faɗa Kogin Misisipi ɗauke da motoci fiye da ɗari. Mutum 13 suka rasu, 145 suka ji rauni. Wata motar makaranta cike da yara ta tsaya a kan ɓangaren da ya karye, aka fito da su da rai. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta shafe fiye da shekara tana aiki, ta fito da rahoto a ƙarshen 2008. Abin da ta gano zai ba ku mamaki. A irin wannan gada akwai farantan ƙarfe da ake haɗa bakunan ƙarafa a jikinsu a ɗaure. Wasu daga cikin farantan nan kaurinsu rabin inci ne, alhali inci guda ya kamata. Kuskuren tun daga teburin zane yake, kafin a buɗe gadar a 1967. Shekara arba'in tana ɗauke da shi. A tsakani an ƙara mata kaurin kankare, sannan a ranar da abin ya faru an jibge yashi da tsakuwa da injinan gyara daidai inda ta fi rauni. Bayan haka aka umarci a sake lissafin irin waɗannan faranti a sauran gadoji, majalisar jihar ta ƙara harajin mai domin gyaran hanyoyi duk da gwamna ya ƙi sa hannu, aka buɗe sabuwar gada a watan Satumban 2008. Ta Jenowa a Italiya kuwa, gadar Morandi da ta karye ranar 14 ga Agustan 2018 ta ci mutum 43, ta kai mutane da dama gaban kotu, ta kuma sa kamfanin da ke kula da manyan hanyoyin ƙasar ya fita daga hannun masu shi.

To, a nan ne mutane da yawa suke yanke hukunci cikin sauri: gawa nawa aka ɗauka? In da yawa a rubuta, in babu a goge. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba, kuma ina ƙin sa har cikin raina. Da farko, yana sa mu riƙa kallon rayukan bayin Allah kamar maki a takardar jarrabawa. Sannan kuma ba ya aiki. Gadar da ta fi kowace shahara wajen karyewa a tarihin injiniyanci ita ce ta Takoma, a jihar Washinton ta Amurka, wadda aka buɗe a watan Yulin 1940 ta faɗi ranar 7 ga Nuwamban shekarar. Iska ce, mai gudun kusan kilomita 65 a awa, ta riƙa murɗa ta kamar tsumma har ta tsinke. An ɗauki hoton bidiyonta, kuma har gobe ana nuna wa ɗaliban injiniya. Ba mutum ko ɗaya da ya mutu, sai wani kare da aka bari a mota. Amma tun daga nan ya zama al'ada a gwada yadda doguwar gada mai lilo za ta yi da iska kafin a gina ta. Wa zai ce wannan ba ta isa shafi ba?

Gadar da nake so mu daɗe a kanta ita ce wadda ta faɗo a tsakiya, inda mai hankali zai iya tsayawa ta kowane ɓangare. Ranar 23 ga Mayun 2013, wajen ƙarfe bakwai na yamma, wata babbar mota daga Kanada ɗauke da dogon kaya ta hau gadar Kogin Skagit a kan babbar hanyar I-5, tsakanin garuruwan Mount Vernon da Burlington, arewa da birnin Siyatil. Gadar irin mai kejin ƙarfe ce, wadda mota ke bi ta cikinta, an gina ta a 1955. Ƙarafan da suka gitta ta sama a lanƙwashe suke kamar baka, sun fi tsawo a tsakiya, sun fi ƙasa a gefe. Motar tana bin hannun gefe. Akwai ƙaramar mota a gabanta mai ɗauke da sandar gwada tsawo, amma gargaɗi bai isa ga direba ba, ga kuma wata tirela ta zo tana wuce shi ta ɗaya hannun, ba damar ya koma tsakiya. Saman kayan ya daki ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Cikin daƙiƙoƙi ɓangare guda na gadar, mai tsawon kusan mita 49, ya zube cikin kogi da motoci biyu. Aka tsamo mutum uku da ransu. Kafin wata guda ya cika, ranar 19 ga Yuni, an kafa gadar wucin gadi, a watan Satumba kuma aka saka ta dindindin.

Ku tsaya a matsayin editan da ke zaune a daren ranar. Mai neman a goge zai ce: haɗarin mota ne kawai, babu wanda ya mutu, gada ce irin dubbai, za a gyara a manta, jimla biyu a cikin shafin hanyar I-5 sun wadatar. Ba maganar banza ya yi ba. A daren nan babu rahoto, babu doka, babu komai sai hotunan talabijin. Mai neman a bari zai ce: wannan ita ce hanyar da ta haɗa Siyatil da Bankuba ta Kanada, motoci kusan dubu saba'in ke bi ta kanta kullum, ba zai yiwu a ce ƙarfe ɗaya ya kayar da ita a kuma yi shiru ba. Shi ma yana da gaskiya, amma hasashe yake yi, kuma kundin sani ba wurin hasashe ba ne.

Lokaci ne ya raba gardamar. A 2014 hukumar NTSB ta fitar da rahotonta, ta nuna gazawar ba ta direba kaɗai ba ce: tsarin ba da izinin ɗaukar dogon kaya bai tilasta a tantance tsawon kowane hannu na gadar ba, babu alamar da ke nuna gefen ya fi ƙasa, mai motar rakiya kuma tana kan waya. Hukumar hanyoyin jihar ta koma ta miƙar da ƙarafan saman sauran sassan gadar domin tsawon ya zama ɗaya daga gefe zuwa gefe. Aka yi shari'a a kan wanda zai biya. Aka sake buɗe muhawara a kan tsofaffin gadojin da lalacewar ƙarfe guda ke iya kayar da su. Akwai ma wani ɗan sandan jiha da ya rasu kwanaki bayan haka yana ba da hannu a hanyar ratse, daga baya aka sa wa gadar sunansa. Ku ga yadda lissafin "babu wanda ya mutu" yake da gajeren gani. A ganina shafin nan ya cancanta, kuma yana nan a sashen Turanci da sunan karyewar. Abin da ya cancantar da shi shi ne an tambayi dalili, an samu amsa a rubuce, amsar kuma ta sa an canja wani abu.

Ga wani abu da na lura da shi lokacin da nake shirya laccar nan, wanda ya gyara mini tunani. Gadar Silver da ta ci mutum 46 ba ta da shafin karyewa daban. Labarin yana cikin shafin gadar. Haka ta Miniyapolis. Skagit da ba ta ci kowa a cikin ruwa ba ita ce aka raɗa wa shafinta sunan karyewa, domin in ka cire wannan rana babu wani abin faɗa a kanta. Gadar birnin Baltimo na Amurka kuwa, wadda jirgin dakon kaya Dali ya daka da tsakar daren 26 ga Maris na 2024 bayan wutarsa ta ɗauke, ma'aikata shida masu cike ramukan titi suka rasu, tashar jiragen ruwa ta toshe makonni, tana da shafi biyu: na gada da na karyewa, saboda abin rubutawa ya fi ƙarfin shafi ɗaya. Ashe raba shafi ba lambar girma ba ce da ake ba musiba gwargwadon zafinta. Shawara ce ta inda mai karatu zai fi samun abin cikin sauƙi, da kuma yawan abin da aka tabbatar. Da na san haka ranar da aka liƙa wa muƙalata alamar gogewa, da raina bai ɓaci ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Ku duba tsohon littafin tarihin sarakunan Kano. Ba a buɗe wa kasuwar Kurmi babi nata ba, a ƙarƙashin Muhammadu Rumfa aka ambace ta. Fara ginin ganuwa yana ƙarƙashin Gijimasu. Abin bai ɓata ba don an sa shi a inuwar wani. Kuma kakanninmu suna da nasu ma'aunin abin da ya isa a riƙe: abin da aka koma ana ƙirga shekaru da shi. Yunwar Kakalaba ta wajen 1914 ta wuce fiye da ƙarni, sunanta bai mutu ba. In ka ji tsohuwa ta ce an haifi wane shekarar da gada ta karye, to ka san karyewar nan ta zauna a zukatan mutane. Wannan shi ne tasiri mai ɗorewa da dokar Wikipedia take nema, da harshenmu.

Sai dai a nan ne ciwon yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Maganar tsohuwa ba ta shiga a matsayin madogara. A watan Yunin 2017 ruwan sama ya karya gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba a jihar Neja, hanyar da ke ɗauke da shanu da hatsi da albasa zuwa Legas, ta dawo da mai da kayan masarufi Arewa. Abin ya kai har muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je da kansa. A watan Agustan 2024 gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a jihar Taraba ta tafi, mutane suka yi wata da watanni suna fito a kwale-kwale. In tasiri a kan rayuwar talaka ake aunawa, waɗannan ba su gaza Skagit ba, ina ma ganin sun fi ta, domin can an samu hanyar ratse mai kwalta da gadar wucin gadi cikin kwana 27. Amma editan da ya zauna zai rubuta su, abin da ya fi cika masa hannu shi ne labaran kwanakin farko, da ziyarar manya, da alƙawarin gyara. Yaushe aka gina gadar, wa ya zana ta, yaushe aka duba ta na ƙarshe, me ya ci gindinta, nawa aka yi asara? Waɗannan su ne ƙashin bayan muƙala, kuma su ne suka fi wuyar samu a rubuce. Ga shi kuma yawancin abin da aka faɗa da Hausa a rediyo aka faɗe shi, iska ta kwashe. Dokar madogara, wadda aka yi da kyakkyawar niyya, sai ta zama tana fifita ƙasar da ke rubuta rahoto a kan wadda ba ta rubutawa. Gada ta karye mana sau ɗaya a rafi, ta sake ɓacewa a takarda.

Na ji wasu 'yan'uwa suna cewa to mu sassauta dokar a sashen Hausa, tunda kowane sashe yana da ikon tsara nasa ƙa'idojin. Mu yarda da abin da edita ya gani da idonsa, mu yarda da saƙon WhatsApp. Ina fahimtar zafin da ya kawo wannan magana, ni ma na ji shi. Amma ban goyi baya ba. Na ga abin da ke yawo a waya ranar da gadarmu ta karye. Kafin la'asar an ce mota cike da 'yan biki ta nutse, alhali babu. An turo hoton wata gada ta wata ƙasa an ce tamu ce. An kama sunan wani ɗan kwangila an ce shi ya cinye kuɗin, mutumin da ko a lokacin da aka gina ta bai fara aiki ba. Da na zuba waɗannan a shafi, da sun zauna, wani ɗan jarida ya kwafa, wani ɗalibi ya sa a kundin digirinsa, ƙarya ta sami gindin zama da sunan ilimi. Mutumin nan yana da 'ya'ya. Shafin da aka buɗe cikin gaggawa ba shi da abin cikawa sai jita-jita da zargi, kuma wanda ake zargi yana raye. Ko a Skagit, da a daren farko aka rufe magana, da direban kaɗai za a ɗora wa laifi.

Abin da nake ganin ya fi shi ne mu daina ɗaukar zaɓin kamar biyu ne kawai, a bari ko a goge. Akwai haɗewa. A buɗe shafin hanyar, ko na kogin, ko na garin, a sa karyewar a ciki da kwanan wata da madogarar da ake da ita, sannan a yi turawa ta yadda wanda ya rubuta sunan gadar zai faɗa daidai wurin. In bayani ya ƙaru, sashen ya yi ƙiba, sai a yaye shi ya koma shafin kansa. Wani lokaci ma karyewar reshe ce ta wani abu da ya fi ta. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci mutum fiye da 150, ta tafi da gada ita ma. Wurin wannan gada yana cikin shafin ambaliyar, domin wanda ya raba su ya raba sanadi da abin da ya haifar.

Sauran aikin kuma ba na editoci ba ne, naku ne ɗaliban jarida, da ku injiniyoyin da na hango a baya. Edita ba ya ƙirƙirar madogara, abin da kuka rubuta yake ɗauka. Kowa yana zuwa ranar da gada ta karye. Wanda muke nema shi ne mai komawa bayan wata shida, bayan shekara. Ya je ma'aikatar ayyuka ya nemi takardar duba gadar, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi wannan dama a Najeriya. Ya zauna da shugaban 'yan tasha ya ji yadda kuɗin mota ya tashi, ya tambayi 'yan gwari kwando nawa ya ruɓe, ya tambayi ungozoma mata nawa suka haihu a bakin rafi. Ya sami injiniya ya bayyana masa da Hausa yadda ruwa ke rarake ƙasan ginshiƙi har ya bar shi a rataye, da yadda toshewar kwalbati da shara ke juya ruwa ya ci gefen hanya, da abin da lodin da ya wuce ƙima ke yi wa gadar da aka zana don motocin shekara hamsin da suka wuce. Masu gidajen rediyo kuma, don Allah, in kun yi shiri a kan irin wannan, ku sa shi a shafinku na intanet da kwanan wata da taƙaitaccen rubutu. Wannan kaɗai ya mai da shi abin da za a iya dogara da shi. Malaman jami'a, ku ba ɗalibanku na ajin ƙarshe gadojin jiharku su yi nazari, ku buga abin da suka samo.

Shafina na wancan dare ba a goge shi ba, ba a kuma bar shi ba. An haɗe shi da shafin garinmu, jimla huɗu a ƙarƙashin sashen sufuri. Bayan shekara biyu wata jarida ta aiko wakili ya yi dogon rahoto a kan yadda kasuwarmu ta mako ta ragu tun da manyan motoci suka canja hanya, na ƙara jimla uku. Editan nan da ya liƙa mini alama shi ne ya gyara mini yadda ake saka madogarar, muka gaisa. Yanzu sashen yana da jimla bakwai da hoto ɗaya, wanda na ɗauka da safen nan, direban tumatir yana tsaye a gefensa.

Shugaba, na ga an ɗago mini takarda cewa lokaci ya yi. Bayan sallar la'asar za mu koma ɗakin kwamfuta, na zo da rahotannin jaridu a kan Tatabu da Namnai, za mu rabu gida biyu, kowane rukuni ya karanta ya faɗa mana a wane shafi zai sa tasa gadar da kuma dalilinsa.